Babin Da Alhaji Ya Tafi Da Shi

Jikata Amira ce ta tsokano wannan labari. Tana zaune a falona tana latsa waya da manyan yatsu biyu, wai aikin jami'a take rubutawa, sai na ce mata ni ma shekara goma sha ɗaya na yi ina sana'ar buga rubutu a garin nan. Ta ɗago ta dube ni, ta amsa mini da Turanci kamar yadda suka saba, wai ai bugun rubutu ba sana'a ba ne, kowa ma ya iya. 'Yan uwanta suka yi dariya. Ban ji haushi ba, wanda bai taɓa jan guga ba dole ya ɗauka ruwa a famfo yake tsirowa. Amma tun da kun ce kowa ya iya, to ku gyara zama ku ji yadda ake yi.

Na zo London ne a bayan maigidana, Malam Garba, wanda aka turo karatun haɗa magunguna. Muka kama flat mai ɗaki biyu a saman wani gida a Barking, cikin jerin gidajen nan da ke manne da juna. Na yi makarantar 'yan mata a gida, ina karanta Turanci ba laifi, amma tafireta, injin buga rubutu, ko taɓa ta ban taɓa yi ba. Wadda ta koya mini ita ce Anti Memuna, wata Bahaushiyar zangon Kumasi da ke layin bayanmu. Ta shekara ashirin tana bugu a wani kamfanin jiragen ruwa kafin ta koma yi a gida. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta, kuma ba ta iya rarrashi ba.

Wata uku cur ba ta bar ni na buga kalma mai ma'ana ba. Sai dai haruffan layin tsakiya, in yi ta maimaitawa har ƙaramin yatsana ya daina jin nawa ne. Takan cire ɗankwalinta na biyu ta rufe mini hannuwa da shi, ta zauna gefe da rula. Da na sunkuyar da kai don in leƙa, sai in ji rular a kan tebur.

"Kai Binta, ka miƙe bayanka," in ji ta. "Ido na takarda ne. Hannu ya san hanyanshi."

Tafiretata ta farko ta hannu ce, baƙa, wadda wani ya gama cin ƙuruciyarta, nauyinta kuwa sai da Malam da wani maƙwabci suka kama kafin ta hau bene. Kayan aikin ba su da yawa amma kowanne da ranarsa. Akwai ribin, wato zaren tawadar da haruffa ke duka. Akwai tsohon buroshin haƙori da allura, don tone haruffa masu ciki da tawada kan toshe, in ba haka ba su fito baƙi ƙirin kamar an ɗiga. Akwai roba mai tauri ta gogewa, da farin ruwan gyara wanda jami'a ba ta son ta ga ya yi yawa a shafi. Sai kuma uwa uba, kabon.

Ku ba ku san kabon ba. Baƙar takarda ce siririya, fuskarta ɗaya shafe da tawada. Jami'a kwafi uku take so na kundin digiri, mu kuwa ba mu da injin da zai haifo mana su. Sai ka jera farar takarda, kabon, takarda, kabon, takarda, ka daidaita bakinsu a kan tebur, ka murɗa su cikin tafireta gaba ɗaya. Dukan da ka yi wa harafi shi zai ratsa har takarda ta uku, don haka dole kowane yatsa ya yi duka da ƙarfi ɗaya. In ka yi kuskuren harafi guda, sau uku za ka gyara shi, kana cusa 'yar takarda a bayan kowane kabon kafin ka goge don kada ka dama na ƙasa. Ga kuma ƙananan bayanan nan na ƙasan shafi da malaman jami'a ke so kamar ransu. Tun kafin ka fara shafi sai ka ƙiyasta layi nawa za su ci, ka yi alama da fensir. In ka yi kuskuren ƙiyasi takarda ta ƙare maka a tsakiyar bayani, babu wani gyara, sai dai ka zare duka ka soma daga farko.

Dokokin Anti Memuna biyu ne. Ta farko, abin da ka gani shi za ka buga, kada ka karanta don ka fahimta, domin mai bugun da ya fara tunani a kan magana shi ne ke tsallake layi. Ta biyu, in kundin digiri ne, kowane shafi sabon kabon za a sa masa a sahun farko, kuma in an gama ba a yar da shi, ba a sake amfani da shi. A jera su bi da bi cikin kwali, nesa da hita, sai ranar da mai aikin ya zo ya nuna maka takardar shaidarsa da idonka. Na ce mata wannan ai ɓarna ce, kabon ɗaya yana yin shafi biyar. Ta ce aiki bai ƙare ba sai mai shi ya daina dawowa.

Da hannuna ya faɗa, ita da kanta ta fara turo mini mutane. Likitoci suka zo da rubutunsu da ba ya karantuwa sai da addu'a. 'Yan karatun shari'a suka zo, masu gardama a kan waƙafi. Ma'aikatan gwamnati da aka turo kwas na wata shida suka zo, su kuma kullum aikinsu na jiya ne. Maza sukan zo ne in Malam yana gida, su zauna da shi a falo ina jin su daga wurin tebur. Daga baya da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai ga wasu irin baƙi daban, manya daga gida masu manyan riguna a ƙarƙashin kwat, sun zo sayen gida ko neman wa 'ya'ya makaranta, suna son wasiƙa mai kyau yanzu-yanzu. Duk na buga musu. Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Malam Iliyasu.

Malam Iliyasu abokin maigidana ne, mutumin wajen Katagum, siriri, kwat ɗinsa ta fi shi girma. Kimiyyar siyasa yake karantawa a jami'ar da ke Aldwych, ya shiga shekara ta biyar a kan kundi ɗaya. Rubutunsa mai tsafta ne, a littattafan 'yan makaranta yake yi, ga shi ba ya canza magana bayan an buga, wanda a wurin mai bugu wannan ya fi kyauta. Duk ranar Lahadi yakan hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya zo cin tuwo a wurinmu, kuma ba ya gama malmala ɗaya bai shiga maganar kundinsa ba.

Tambayarsa ɗaya ce: me ke sa wata ƙasa ta yi magana a duniya a saurara, wata ta yi a wuce? Yakan ce akwai ƙasar da ake tsoro, akwai wadda ake ci a hannunta, akwai kuma wadda ake jin maganarta, kuma ba lallai su zama ɗaya ba. Tamu, in ji shi, ta samu mai ta zama wadda ake ci a hannunta, amma tana ɗauka ta zama wadda ake ji. Kowa yana zuwa gaishe mu, muna rabon kyauta ga maƙwabta, muna aika tawaga ko'ina, amma gaisuwa ba biyayya ba ce. Ya ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa aljihu muke aikawa. In Malam ya ce masa ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai ya ce wannan a unguwa ne inda za a sake haɗuwa gobe, a tsakanin ƙasashe ana cin ladan a ce aska ta ɓace. Abin da ya fi nanatawa shi ne, ƙarfi na gaske ba shi da hayaniya. Babbar ƙasa ba ta buƙatar ta ɗaga murya. Ta nuna sha'awar abu kawai, ƙaramar ta miƙa da hannu biyu tana murmushi, har da godiya. Wannan shi ne babinsa na shida, kuma shi ne ƙashin bayan kundin.

Shekarar da na buga wannan babi ita ce mafi muni a sana'ata. Man da ya sa ake ta shagali a gida shi ya jefa Ingila cikin sanyi. Aka shiga ɗauke wuta unguwa-unguwa, ofisoshi suna aiki rabin mako, kaya suka yi wuya a kantuna. Masu tafireta ta lantarki da suke mana kallon 'yan ƙauye suka zauna suna kallon injinansu. Tawa ba ta san wuta ba, amma takarda ta yi ƙaranci, kabon kuwa sai ka zaga kanti uku ba ka samu ba. Hasken rana ma a wannan lokaci na shekara ɗan kaɗan ne, ƙarfe tara ya waye, kafin huɗu ya tafi. A haka na gama masa babi na shida, shafi arba'in da huɗu, ranar wata Laraba. Na haɗa masa kwafi ukun da littattafansa na rubutun hannu, har da gyaran fensir ɗin malaminsa a ciki, na sa a jakar kwali ɗaya na ɗaure da zare. Jami'a ta riga ta yi masa ƙarin lokaci na ƙarshe, Juma'ar mako mai zuwa. In bai miƙa ba za a soke sunansa, ya koma gida hannu rabbana bayan shekara biyar.

Washegari da safe, Malam bai kai ga fita ba, sai ga Malam Iliyasu a ƙofa ba jaka. Ya zauna, aka gaisa, aka ba shi shayi ya riƙe bai sha ba. Da ƙyar Malam ya ciro maganar daga bakinsa.

Ashe daga wurinmu bai wuce gida ba. Wani babban mutum, wani Alhaji, ya zo daga gida cikin wata tawaga, ya sauka a otal kusa da Charing Cross. Aminin mahaifinsa ne, shi ya tsaya masa ya shiga kwaleji tun yana yaro, ba yadda za a yi ya ji yana gari bai je gaisuwa ba. Ya je da jakar a hammata. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ɗakin cike da mutane. Alhajin ya tambaye shi me ya riƙo, ya ce karatun ne. Alhaji ya karɓa, ya kwance zaren, ya duba shafin farko, ya ɗaga wa mutane yana cewa ku ga abin da ɗanmu yake yi. Ya yaba ƙwarai. Sannan ya ce bari ya karanta a jirgi, ya miƙa wa mai riƙe masa jaka.

Malam ya ce, "To kai me ka ce?"

"Na ce Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe."

Kada ku yi dariya, ku da kuke ce wa malamanku sunansu gatsal. Mu haka aka raine mu. In babba ya yaba abin hannunka, nasa ne. Ka buɗe baki a gaban jama'a ka ce wa aminin ubanka ya dawo maka da abu, wannan ba ya cikin bakin da aka haife mu da shi. Malam ya ce a buga masa waya ta telegiram. Malam Iliyasu ya ce jirginsu ya tashi tun daren jiya, wata ƙasa za su fara zuwa, sai sun yi mako uku kafin su isa gida, kuma ko yana kusa da wane baki zai rubuta. Malam ya ce ya nemi ƙarin lokaci. Malam Iliyasu ya ce ya riga ya yi applying sau biyu, supervisor ɗinsa, wato malamin da ke duba masa kundin, ya ce wannan karon final ne. Ya ce zai gwada sake rubutawa da ka, amma babin shekara guda ya ɗauka, littattafan da ya yi aiki da su duk ya mayar laburare, wasu ma daga wani gari aka aro masa.

Ina wurin tebur ina ji. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, kuma na kasa riƙe bakina.

"Malam Iliyasu, ai babin naka ne ya faru a kanka. An nuna sha'awa, ka miƙa da hannu biyu, har da godiya."

Ya dube ni kamar zai yi fushi, sai ya sunkuyar da kai ya ce wallahi gaskiya ne. Na shiga ɗaki na jawo kwali daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabansa. Na ce masa babinsa yana nan ciki, in Allah ya yarda ranar Juma'a zai miƙa, amma da sharaɗin kada ya taɓa komai da hannunsa.

Ga yadda abin yake. Kabon ɗin da aka yi amfani da shi sau ɗaya, duk inda harafi ya doka tawadar wurin ta bar shi ta koma kan farar takarda. In ka ɗaga shi a haske, bayansa yana fuskantarka, za ka ga rubutun ya fito fari-fari a cikin baƙi, layi bayan layi. Ba ya karantuwa a kan tebur, ba ya karantuwa da fitila don ƙyalli yake yi, kyandir kuwa zafinsa narkar da tawadar yake. Sai hasken taga. Na aika aka kira Anti Memuna. Ta zo ta ji labari, ta koma gida ta dawo da ajiyarta ta takarda da sabon kabon wadda ko 'yarta ba ta san da ita ba.

Muka ja tebur zuwa gindin taga. Muka ɗaura zare daga wannan gefe zuwa wancan, muna maƙale kabon a jikin gilashi da abin maƙale shanya. Ni ina karantawa ina bugawa, Anti tana jera mini takardu tana canza kabon a taga, tana kama shi ta kusurwa da yatsa biyu. Wannan karon na ce ta jera mini takarda huɗu maimakon uku. Ta dube ni, don ta san abin da takarda huɗu ke yi wa yatsu a tafireta ta hannu, amma ba ta tambaya ba.

Shafin da nake bugawa cikin kwata ɗaya ya koma cin kusan awa. Duk kuskuren da na taɓa gyarawa a farar takarda yana nan a kabon bai gyaru ba, harafi a kan harafi, sai na tsaya na warware. Lambobin shafukan littattafai da ke ƙananan bayanai sun fi komai wuya, uku da takwas kamar tagwaye suke a cikin baƙi, sai Anti ta kawo gilashin ƙara girma mu duba tare. Muna farawa da wayewar haske, salla kawai ke tayar da ni, mu tsaya in taga ta yi duhu. Kullum shafi shida ko bakwai. Ranar Lahadi hadari ya rufe gari, huɗu kawai muka samu, idona yana ta ruwa. Da yamma Malam Iliyasu yakan biyo Malam su zo, ya karanta abin da aka buga, ya tafi da shi gidansa ba tare da ya biya gaishe da kowa ba. Wannan ma sharaɗi ne na sa masa.

Akwai abin da na sani tun ranar farko ban faɗa ba, ina ta fatan ƙwaƙwalwata ce ta yi ƙarya. Ranar Laraba muka iso wurin. Anti ta ɗaga kabon ɗin shafi na arba'in da ɗaya, ta maƙala, ta tsaya tana kallo. Rubutu biyu ne a jikinsa, ɗaya a kan ɗaya. Ranar da na yi bugun farko kabon ya yanke mini ana saura kaɗan, na zaga kantuna ban samu ba sai washegari, na ga shafi ɗaya ne kawai, sai na juya na arba'in da ɗaya kai ƙasa na buga na arba'in da biyu da shi. Na faɗa mata haka ba tare da na ƙara ko na rage ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Kai Binta," in ji ta. "Doka ba don ranan daɗi aka yi shi ba."

Da yake na juya shi, wasu layukan sun faɗa tsakanin wasu. Muka yini muna tsinto su ɗaya-ɗaya ina rubutawa da fensir. Muka samu saman shafi na farko da ƙasan na biyu, amma tsakiya ta dame, kusan layi ashirin, kuma a nan ne ya ɗaure maganar babin gaba ɗaya. Da ya zo da yamma muka nuna masa. Ya zauna da biro, ya rubuta ya soke, ya rubuta ya soke. Mutumin da ba ya gama malmalar tuwo bai yi lacca ba, ranar kansa ya kulle. Saura kwana biyu, kuma mai ɗinke kundi ya ce in bai samu ba ranar Alhamis da yamma ba ruwansa.

Sai na ce masa ya ajiye biron in faɗa masa abin da ya rubuta. Na karanto masa da ka, ba kalma da kalma ba, amma jimla bayan jimla yadda ya jera su. Ya rubuta cewa ƙaramar ƙasa a gaban babba hanya biyu gare ta, ko ta bayar ta rasa, ko ta hana ta sha wuya, kuma duk dabarar hulɗar waje ta ƙananan ƙasashe zaɓi ne tsakanin waɗannan biyun. Ya sake ɗaukar biron yana rubutawa, yana cewa haka ne, haka ne. Anti Memuna ta bar abin da take yi.

"Ashe kana karantawa," in ji ta.

Na ce ina karantawa, Anti, tun shekarar farko. Wannan wurin kuwa ya zauna mini ne don ban yarda da shi ba. Malam Iliyasu ya ɗago ya ce me ban yarda da shi ba. Malam yana mini ido, amma magana ta riga ta fito. Na ce masa mahaifiyata turmi biyu gare ta. Ɗaya na gida, yana can ciki ba a ganinsa. Ɗaya na aro, yana tsakar gida inda kowa zai gani. Matan manyan unguwa suna aikowa, ba ta taɓa cewa babu ba, wani lokaci turmin ya yi wata bai dawo ba, kuma ba mu taɓa kwana ba a yi daka ba. Na ce wanda ba shi da bakin hanawa sai ya tanadi abin bayarwa tun kafin a tambaya. Wannan ba bayarwa ka rasa ba ne, ba kuma hanawa ba ne.

Na fara tunanin na wuce gona da iri. Sannan ya jawo sabuwar takarda ya yi rubutu ba tsayawa. Bai ambaci turmi ba, ya sa shi cikin Turancinsu na jami'a, amma na gane kayana. Matsalar da ta rage tawa ce. Ƙarin ya kai layi bakwai, shafukan gaba kuwa an riga an buga musu lamba har ƙarshen kundi, jami'a kuma tana auna gefen takarda da rula, ba a matsewa. Na ƙirga masa haruffa, na ce sai ya yanke layi bakwai daga nasa. Ya yi ta roƙo in bar masa biyu. Na ce ko rabi. Ranar Alhamis kafin azahar na zare shafi na arba'in da huɗu, yatsuna sun kumbura ba sa lanƙwasuwa. Ranar Juma'a ya miƙa kundinsa da saura awa biyu a rufe ofis.

Bayan wata uku aka zaunar da shi jarrabawar baki. Ya zo ya ba mu labari cewa malaman sun fi daɗewa a shafi na arba'in da biyu na babin fiye da ko'ina, ɗayansu har yana tambayar wane littafi ya samo wannan. Na ce me ka ce masa. Ya ce ya ce masa daga wurin wata masaniya ce a Barking.

Da damina ta kama a gida, rana ta fito a nan, Alhaji ya sake zuwa, ya sauka a otal ɗin dai. Malam Iliyasu, wanda yanzu ya zama Dokta, ya biyo ta wurinmu zai je gaisuwa, da kwafinsa guda ɗaya tilo mai baƙin bango da rubutun ruwan zinariya a hammata, wai zai nuna masa. Na ce ya ajiye shi a kan tebur. Na ɗauko masa kwafi na huɗun nan na babi na shida, wanda na sa wa bangon kwali mai kyau na ɗaure da kirtani tun ranar da muka gama. Na ce ga turmin aro.

Ya dawo da la'asar hannu wayam yana dariya. Ya ce Alhaji ya karɓa, ya ɗaga wa mutane, ya yaba, ya miƙa wa mai riƙe jaka. Alhajin ya kuma ce masa wancan na farkon yana nan a gida an adana, ayyuka ne suka yi yawa bai samu ya buɗe ba. Bai ma lura abu ɗaya aka ba shi sau biyu ba. Dokta Iliyasu ya ce Allah ya ƙara girma, wannan karon da zuciya ɗaya. Sannan ya ciro takardar shaidarsa daga ambulan ya ajiye a gabana, na karanta sunansa da idona, na aika wa Anti Memuna cewa mai aiki ya daina dawowa. A makon na ciro kabon ɗin daga ƙarƙashin gado na buga wa wani ɗalibin likitanci daftari da su, kowanne ya yi mini shafi biyar. Na arba'in da ɗaya ne kaɗai ban taɓa ba, yana nan cikin akwatina har yau.

Da na kai nan Amira ta ajiye wayar a cinya. Na tambaye ta aikin da take rubutawa kwafi nawa gare shi. Ta ce ɗaya ne, yana cikin wayar. Na ce to madalla, gobe baffanta zai sauka daga Kano, in za ta je gaishe shi ta bar wayar a wurina.